Faiba ta zo layinku: gigabit za ka saya ko megabit 50 ya isa?

Takardar tallan da masu ja wa mutane intanet gida ke rabawa kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Jerin tsare-tsare ne na gudun intanet a kowace daƙiƙa, daga ƙarami zuwa babba: megabit 20, 50, 100, 200, wasu kamfanonin a Legas da Abuja ma sun kai 1000, wato gigabit ɗaya cif. Ido yana zuwa sai ya zarce kan babbar lambar, aljihu kuma ya janyo shi baya. Magidanci sai ya tsaya yana wasiwasi: in ya ɗauki ƙaramin, kada yara su dame shi da "Baba, yana tsayawa"; in ya ɗauki babban, kada ya zama kuɗin shinkafa yake zubarwa kowane wata a kan abin da ba zai mora ba.

Shawara biyu ce a dunƙule a nan, gara a raba su. Ta farko, barin datar waya a koma faiba, wato intanet ɗin da ake ja wa gida ta zaren gilashi. Ta biyu, bayan an koma faibar, barin matsakaicin gudu a haye na ƙoli. A ganina ta farkon tana canza zaman gida ƙwarai. Ta biyun kuwa, mafi yawan gidajenmu ba za su ma san an yi ta ba, sai dai maigida ya gani a asusunsa.

Mu fara da ta farkon. Wanda yake riƙe gida da datar waya tamkar mai sayen ruwa wajen 'yan garuwa ne: ruwa na zuwa, amma kowane jarka a ƙirge yake, kuma kullum kana cikin faɗan wa ya yi wanka da bokiti biyu. Faiba famfo ce, ka biya na wata ka buɗe. Gigabit kuma shi ne a kawo maka ƙaton bututu har ƙofar gida alhali kan famfonka na tsakar gida ɗan siriri ne. Tun watan Janairun 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, lissafin jarka ya ƙara ɗaci. Bidiyo shi ne babban mai shanye data. Netflix da kansu sun ce kallon sa'a ɗaya da hoto mai kyau sosai kan iya cin gigabait 3, in kuwa 4K ne, wato hoton da ya fi wannan tsabta, ya kai 7. Gidan da ke da talabijin mai intanet, da uwargida mai bin wa'azi da girke-girke a YouTube, da samari biyu da ba sa sauka daga TikTok, zai cinye gigabait ɗari biyu ko uku a wata ba tare da kowa ya yi almubazzaranci ba. Ka tara abin da kowa a gidan yake sakawa a layinsa cikin wata guda, har da 'yan ƙananan da ake saye da daddare in ta yanke ana tsakiyar kallo. Da yawa ba su taɓa tarawa ba, ranar da suka tara sai jikinsu ya yi sanyi.

Bayan kuɗi akwai natsuwa. Eriyar da ke unguwarku iska ɗaya take raba wa duk wayoyin da ke kewaye da ita. Shi ya sa sabis ɗin da ke tashi kamar iska da asuba yake zama kunkuru bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya kishingiɗa da wayarsa. Faiba zare ne na gilashi mai kaurin gashin kai, haske ke bi ta cikinsa, kuma ba ruwansa da hadari ko hazon hunturu ko yawan mutanen da suka taru a gidan biki na makwabta. Ita ma akwai tarayya a cikinta, kada a ruɗe ka. Tsarin da aka fi amfani da shi wajen kai ta gidaje, GPON, yana ɗaukar kusan gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na ɗorawa a kan zare ɗaya, sannan a tsattsaga shi ga gidaje 32, wani lokaci 64. Amma ko da hakan, rabon da ke zuwa wa kowane gida ya fi na eriya yalwa da tabbas nesa ba kusa ba. Ka lura da wannan lissafin kuma, domin yana nuna cewa gigabit ɗin da ake sayar maka "har zuwa" ne. Gida uku kacal in suka ja shi gaba ɗaya a lokaci guda, zaren ya cika.

To, nawa ne gida yake buƙata a zahiri? Netflix na neman megabit 5 don hoto mai 1080p, da 15 don 4K. YouTube na ba da shawarar 20 don 4K. Taron Zoom na mutane da yawa, da hoto mafi kyau, bai kai megabit 4 ba. Kiran bidiyo na WhatsApp ƙasa da haka yake ci. A ce daren Juma'a ne kowa na gida: talabijin na nuna ƙwallo a 4K, 20 kenan; wayoyi uku na kallon bidiyo, 15; maigida na taro da abokan aikinsa, 4. Duka-duka ba a kai 40 ba. Megabit 50 na gaskiya, wanda ba ya raguwa da dare, ya riƙe wannan gidan. Megabit 100 kuwa har da rarar baƙi. Don kwatanci, shirin ƙasa na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin minista Isa Ali Pantami, megabit 25 ya sa a matsayin buri a birane, 10 a karkara. Bidiyo ba ya ƙara kyau don ka ba shi gudun da bai nema ba. Fim ɗin da ke cin 15 zai ci 15 ɗinsa ko da kana da 1000, sauran 985 suna zaune kana biyan haya a kansu.

Akwai kuma ruɗanin da ke jawo rigima tsakanin mai saye da kamfani. Kamfani da megabit yake sayarwa, wayarka kuma da megabait take nuna saukar fayil, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Mai tsarin 100 zai ga fayil na sauka a kan 12 da ɗoriya, ya ɗauka an cuce shi. Ba a cuce shi ba, raba takwas ne kawai.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne abin da ke faruwa da gudun bayan ya shigo gida. Mai haɗawa zai huda bango, ya shigo da zaren, ya maƙala ɗan akwatinsa a falo kusa da soket, saboda nan ne ya fi masa sauƙi. Sai ya tsaya gab da rauta, na'urar da ke watsa Wi-Fi a gidan, da wayarsa mai tsada ya gwada, lamba ta haura ɗaruruwa, ya juyo maka fuskar wayar: "Alhaji, ka gani da idonka ko?" Ka gani. Bayan ya tafi, ka ɗauki taka wayar ka bi ta tsakar gida ka shiga ɗakin Hajiya na can ƙurya, bangon bulo uku tsakaninka da falo, ga ƙofar ƙarfe. Ka sake gwadawa. Abin da za ka gani ba zai yi kama da na falo ba ko kaɗan, wataƙila ma sandar Wi-Fi ɗaya ce ta rage tana lilo.

Dalili shi ne Wi-Fi zango biyu yake da su a yawancin rautoci. Na 2.4 GHz yana ratsa bango ya yi nisa, amma gudunsa kaɗan ne, da ƙyar yake wuce 'yan gomomin megabit, ga cunkoson rautocin makwabta. Na 5 GHz shi ne mai gudun ɗaruruwa, sai dai bango biyu na siminti sun isa su karya masa gwiwa. Ginin da muke yi, bulo da filasta da dakin mai rodi, ga sassa a warwatse, ba irin gidan katako ba ne da aka yi wa waɗannan na'urori gwaji a ciki. Sannan ƙananan wayoyi masu araha da dama ba sa ma ganin zangon 5 GHz. Tsohuwar kwamfuta ko rauta mai arha kan zo da kafar kebul da ba ta wuce megabit 100, talabijin masu intanet da yawa ma haka suke, har masu tsadar. Ko komai naka sabo ne, ka ja kebul mai kyau daga rauta zuwa kwamfuta, gigabit a aikace kusan 940 yake tsayawa. Ma'ana, kafin ka ɗanɗani abin da ka biya, sai ka sake rauta, ka ja kebul a bango, wataƙila ka sake wayar ma. Wanda ya ɗauki tsarin 50 ko 100 ya sa ragowar kuɗin a rauta ta biyu da aka haɗa da kebul zuwa sashen iyali ya fi mai gigabit da rauta ɗaya a falo jin daɗin intanet, kuma wannan ba abin musu ba ne, ka gwada a kowane gida mai sassa ka gani.

Ko gidan ya shirya tsaf, akwai ɗaya bakin zaren. Abin da kake saukewa daga wata na'ura yake fitowa, wani lokaci a Legas, sau da yawa a Turai ko Amurka. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa Najeriya da duniya, irin su SAT-3, sai MainOne da Glo-1 da suka zo a 2010, sai WACS, da Equiano na Google da ya sauka Legas a 2022, duk a gaɓar kudu suke fitowa. Daga nan sai a bi ƙasa kusan kilomita 1000 kafin a zo Kano. Haske a cikin gilashi kusan kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa, kuma babu tsarin da za ka biya ya sa shi ƙara sauri. Saƙo ya je Landan ya dawo sai ya ci wajen milisakan ɗari, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ko kana kan 20 ko kana kan 1000. Wannan jinkirin amsar shi ne abin da masu wasan ƙwallo ko harbi a intanet suke kuka da shi, shi ne kuma ke sa shafi ya ɗan yi jim kafin ya buɗe. Matashin da ke matsa wa mahaifinsa a sayi gigabit don wasa ya daina sarƙewa, kebul daga rauta zuwa na'urar wasan zai fi yi masa magani. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa, da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mai babban tsari da mai ƙarami layi ɗaya suka bi a bankuna suna jiran sabis.

Ban ce babu masu cin moriyar babban gudu ba. Akwai su, kuma su sun san kansu. Mai tace fim a Kano da ke tura fayil ɗin gigabait 10 ga abokin aiki ko ya ɗora a YouTube: a kan megabit 10 na ɗorawa zai jira fiye da awa biyu, a kan 50 kusan minti 27, a kan 100 minti 13 da 'yan kai, a kan gigabit bai kai minti biyu ba. In sau ɗaya yake yi a mako, ya sa kafin ya kwanta, da safe ya tarar an gama. In sau biyar yake yi a rana kuma ana jiransa, lokacin nan kuɗi ne, ya biya. Haka mai ɗaukar hoton biki da ke tura ɗanyen aiki, da mai rubuta manhaja da ke janyo manyan fayiloli kullum, da cibiyar koyar da kwamfuta, da ɗakin kwanan ɗalibai, da babban gida mai magidanta huɗu ko biyar da suka haɗa kuɗi aka ja layi ɗaya. Na ƙarshen nan ma, in an yi shi da tsari, ya fi kowane arha: tsarin 200 da aka raba wa sassa biyar da kebul ya fi kowa ya riƙe nasa ƙaramin, muddin sharuɗɗan kamfanin sun yarda kuma akwai mutum ɗaya tsayayye mai karɓar kuɗi a ƙarshen wata.

Amma ga waɗannan mutanen, lambar da ya kamata su duba ba ita ce aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. Ta saukewa ake tallatawa, ta ɗorawa kuma sai ka tambaya. Tsarin 100 da ke ba ka 100 a kowane ɓangare ya fi wa mai fim amfani a kan tsarin 500 da ɗorawarsa 20 ce.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ita ce uwar komai. Zaren faiba ba ya ɗauke da lantarki, don haka ɗan akwatin da ke bango da rauta sai ka ba su wuta da kanka. Aka ɗauke, intanet ya tafi, ko da zaren lafiyarsa ƙalau. Abin daɗin shi ne ba su da ci, su biyun a haɗe galibi ba sa wuce wat 20. Ɗan ƙaramin batirin rauta mai bolt 12, irin wanda ake samu a kasuwannin kayan waya, zai riƙe su awanni, mai inbata ko sola kuwa ba zai ma ji nauyinsu ba. Wannan batirin, a wurina, yana gaba da duk wani ƙarin gudu. Gigabit na awa shida a rana bai kai megabit 30 na awa ashirin da huɗu ba.

A nan ne ya dace a sako Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, domin duk wanda ke wannan lissafin sai wani ya ce masa "ka sa Starlink kawai ka huta." Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023, Nijar kuma ta bi a 2025. Taurarinsa suna shawagi kusan kilomita 550 sama, shi ya sa jinkirinsa kaɗan ne in aka kwatanta da tsofaffin taurarin sadarwa. Ga mai gona a bayan gari, ko asibitin ƙauye, ko sabuwar unguwar da ko falwaya ba a kafa ba, babu kamarsa. A cikin birni inda faiba ta riga ta wuce ta ƙofarka kuwa, lissafin ya juya. Sai ka fara sayen faranti da kuɗi mai kauri, kuɗin wata ya fi na matsakaicin tsarin faiba, ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa shi, ɗorawarsa ba ta kai saukewarsa ba, kuma yana cin wuta tsakanin wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfurin. A ce 75: kwana ɗaya cur ya sha kilowat-awa 1.8, ninki biyar na abin da kayan faiba masu wat 15 za su sha. Mai ƙaramar sola ya san ma'anar wannan da ƙarfe uku na dare. Shi ma kuma yana cika. A ƙarshen 2024 sai da aka dakatar da karɓar sababbin masu rajista a manyan birane irin su Legas da Abuja saboda cunkoso.

Rautar 5G kuma, wadda MTN suka fara a 2022 Airtel suka biyo a 2023, ita ce zaɓin ɗan haya. Babu huda bango, babu roƙon mai gida, ranar tashi ka zare ta ka sa a jaka. In kana kusa da eriya kuma tagarka na kallonta, za ta iya ba ka gudun da ya zarce ƙananan tsare-tsaren faiba. In ka matsa layi biyu sai ta koma 4G. Kafin ka saya, ka ari ta wani ka kwana da ita a ɗakinka, ka gwada da tara na dare, ba da goma na safe ba.

Raunin faiba ɗaya ne babba: ana yanke ta. Katafila mai aikin titi, masu haƙa lambatu, babbar motar da ta ɗebo kaya fiye da kima ta tsinke wadda aka rataya a falwaya, ɓarayin da suka zaci tagulla ce a ciki. Abin ya yi yawan da a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne, amma doka ba ta hana direban katafila yin kuskure. Eriya in ta samu matsala wayarka kan laluɓo wata. Zare in ya tsinke, sai an zo da na'urar liƙa shi. Saboda haka kada ka jefar da layin datarka. Ka bar ɗan wani abu a kai kowane wata, ka sa shi cikin kasafin tun farko. Samuwarta ma ba ko'ina ba ce. Kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa ya daɗe yana hana ta yaɗuwa. An amince a kan naira 145 kowace mita, Kaduna ta yafe nata gaba ɗaya a 2020, kuma gwamnatin tarayya na maganar shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000. Duk da haka, yau ɗin nan unguwa ɗaya za ka ga layi na da ita, na bayansa babu.

Don haka idan za a zaɓa tsakanin kamfani biyu, ni ba lambar gudu nake fara dubawa ba. Makwabcin da ya riga ya sa nake nema, in tambaye shi: "Malam, da ta yanke na ƙarshe, kwana nawa suka yi kafin su zo?" Amsarsa ta fi duk takardar talla. Daga nan sai in tambayi kamfanin ko "mara iyaka" ɗin nasu yana da wani adadi da in an kai ake rage gudu, domin da yawa suna da shi a ƙananan rubutu, kuma babban gudu yana kai ka ga wannan adadin da wuri. In tambayi gudun ɗorawa. In tambayi ko rautar tawa ce ko tasu, ko tana da zangon 5 GHz, da nawa ne kuɗin haɗawa in gidana ya yi nisa da akwatinsu na kan titi. In ranar haɗawa ta zo, ni zan nuna inda za a kafa rautar, a tsakiyar gida kuma a sama, ba bayan talabijin ba.

Game da tsarin kansa, ka fara da ƙasa. Gida mai mutum biyu zuwa huɗu ya gwada 30 ko 50, mai yara da yawa da talabijin biyu ya gwada 100. Ka yi wata guda a kai. In ana samun tsaiko, ka haɗa kwamfuta da rauta da kebul da misalin tara na dare ka gwada. Idan lambar ta kai abin da ka biya, matsalar Wi-Fi ce, ƙarin rauta kake buƙata. Idan ba ta kai ba, matsalar kamfani ce, kuma wanda ya kasa cika maka 50 ba zai cika maka 500 ba. Sai in ta kai, Wi-Fi ma lafiya, amma duk da haka gidan na cinye ta, a nan ne za ka kira su ka ce a ɗaga ka mataki na gaba. Ɗagawa ba ta buƙatar sabon zare ko sabon haƙa, daga ofishinsu suke yi, kuma ba za su ɓata maka lokaci a kan wannan ba.